Yaron Nan

Aikina a jami'a shi ne in ce a'a. Shekara shida ke nan ina yinsa, a wani ofis da ke hawa na uku a Manchester, inda taga ba ta buɗuwa, na'urar ɗumama ɗaki kuma ba ta san lokacin hutawa ba. Ofishin neman gudummawa ne. Mu ne masu bin tsofaffin ɗalibai da masu hali mu ce su taimaka wa makarantar da ta yaye su. Sai dai ni ba na roƙon kowa. Ni ce mai tsaron ƙofa. Duk sashen da ke son tunkarar wani mai kuɗi sai ya fara neman izini a teburina, don kada mutum ɗaya ya wayi gari da wasiƙu uku, ta likitoci, ta laburare da ta 'yan wasanni, haushi ya kama shi ya hana kowa. In na ba sashe ɗaya mutum, sauran sai haƙuri. Sau ɗaya ake roƙon babban mutum a shekara biyu, ƙa'idar ke nan.

In an tambaye ni me nake yi, cewa nake aikin ofis. Na taɓa gwada yi wa Innarmu bayani ta waya. Da na gama ta ce, "Wato roƙon ma sai an bi layi?" Ban sake gwadawa ba.

Gaskiya aikin ya ci ni. Buƙatu ne ke shigowa tun safe har a tashi, kowa da gaggawarsa, kowa yana ganin sashensa ne jami'ar. In buɗe sunan mutum a kwamfuta, in ga launin da ke kansa. Kore, a tafi. Ja, a dakata. Ban cika karanta dalilin jan ba. Wa ke da wannan lokacin? Wani ya riga ya yi tunanin, ni dai in danna in wuce. Akwai buƙata ɗaya da har na haddace ta. Duk watan Oktoba wata farfesa daga sashen injiniya takan aiko tana neman izinin zuwa wurin wani Likita Bara'u Yelwa da ke Birmingham. Sunansa ja ne ga kowa in ban da sashen likitanci. Sau shida ta aiko, sau shida na danna a'a, ko fuskarta ban sani ba.

To, ran wata Lahadi da rana, farkon Nuwamba, ina kicin ina kaɗa miyar kuka, Hafsa ta hawo sama. Hafsa ita ce ke hawan da ke ƙasa da nawa a gidan hayarmu na unguwar Cheetham Hill, ɗaliba ce, shekararta ta uku a digiri na uku a sashen injiniya, kan tace ruwan sha take bincike. Yarinya ce mai surutu, amma ranar da sallama kawai ta shigo ta zauna a kan kafet, ta miƙo mini takarda. Gwamnatin jiharsu ta daina biyan kuɗin karatunta tun bara. Jami'a ta yi haƙuri iya haƙurinta, yanzu ta ba ta zuwa ƙarshen wata. In ba a biya ba a cire sunanta, biza ta mutu, ta koma gida da shekara uku a cikin akwati.

Na ce, "Malamarki fa? Ba abin da za ta iya?"

Ta ce, "Ta yi iya yinta, Anti Radiyya. Ta ce akwai wani dattijo ɗan gida da ɗansa ya rasu yana karatu a sashenmu. Shekara da shekaru suna son su je wurinsa a kafa asusun taimakon ɗalibai irina da sunan ɗan, wai wani ofis ne can sama yake hanawa. Bana ma ta nema an hana." Ta naɗe takardar ta yi tsaki. "Wallahi Anti, ko wane ne ke zaune a wannan teburin, ba shi da zuciya a ƙirjinsa."

Na ci gaba da kaɗa miya. Na kaɗa ta har ta fara kama tukunya. Na zuba mata abinci, ta ci kaɗan ta yi godiya ta sauka.

Litinin da safe, ko kot ban cire ba na buɗe fayil ɗin Likita Bara'u. Likitan ido ne, a nan ya yi karatu tun kafin a haife ni, ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Erdington a Birmingham da matarsa. Na gangara ƙasa inda ban taɓa gangarawa ba, na tarar da dalilin jan. Tomas ne ya rubuta shi, shugaban ofishinmu na yanzu, shekara tara da suka wuce, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci. An tura shi gidan ne bayan rasuwar ɗan. Ga abin da ya rubuta, da Turancinsa mai tsabta: ya yi awa biyu a gidan, uban bai ambaci sunan mamacin ko sau ɗaya ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "that boy", ya kawar da kai. Uwar ma haka. Babu hotonsa a falo, ga na ƙannensa a jere. Da alama akwai tsohuwar rashin jituwa mai zafi tsakaninsu. Shawara: kada a sake tayar masa da maganar ɗan, kada a gayyace shi wani abu da ya shafe shi, a bar shi ga sashen da ya yaye shi.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," da ƙarfi, har wadda ke tebur na kusa ta ɗago.

Sunan ɗan yana nan a layi na gaba: Muhammad Awwal. Ai sunan kansa ya gama bayani. Ɗan fari ne! Yaron nan, shi ne "that boy". Wane dattijon ƙasarmu na wancan zamanin ne zai buɗe baki ya kira sunan ɗansa na fari, a gaban baƙo, kuma kwana nawa da binne shi? Alkunya ce Tomas ya gani ya rubuta ƙiyayya. Ban ga laifinsa ba, ina zai sani? Amma ni fa? Ni 'yar fari ce. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin Radiyya daga bakin Innarmu ba. "Ke," take cewa, ko "wannan yarinyar". Ranar da zan taho ƙasar nan ba ta raka ni ko zaure ba, tana can tana tsince shinkafar da aka riga aka tsince. Ƙanwata ce ta gaya mini daga baya cewa kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ni kaɗai ce a duk ginin da za ta iya karanta wannan rubutu daidai, kuma shekara shida yana gabana ban karanta ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi a kunnuwansa.

Na tafi ofishin Tomas. Mutumin kirki ne, gajiyayye kamar kowa, kullum da kofin shayin da ya huce a gabansa. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya cire tabarau ya murza ido.

Ya ce, "Kina nufin son da yake yi masa ne ya hana shi faɗin sunansa?"

Na ce, "Haka muke."

Ya ce, "Ya Allah." Sannan ya mayar da tabarau, kuma na san da zarar tabarau ya koma, shugaba ne zai yi magana. "Na yarda da ke, Radiyya. Za mu gyara rubutun. Amma ba yanzu ba. Likita Bara'u yana hannun Goodness, mai nema wa sashen likitanci gudummawa. Wata goma sha takwas tana binsa. Ran biyar ga Disamba shugaban sashen likitanci da kansa zai je ya roƙe shi ya gina musu ɗakin binciken ido. In wani ya shiga gabansu da wata buƙata, komai ya watse. Ke kika fi kowa sanin wannan, ke ce ƙa'idar."

Na ce, "Yarinyar zuwa talatin ga wannan watan aka ba ta. Kuma in suka roƙe shi ran biyar, an rufe shi shekara biyu."

Ya ce akwai asusun agajin gaggawa. Na ce masa asusun da ya ƙare tun Satumba? Ni na aika da sanarwar. Ya ɗaga kofinsa ya ga ya huce ya ajiye.

Goodness ta tare ni a wurin tafasa ruwa, ashe har magana ta kai mata. 'Yar Najeriya ce ita ma, amma a Landan ta tashi, muna shiri, takan kawo mini yaji in ta je gida. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Radiyya, kwantiragina a watan Maris zai ƙare. Wannan ginin shi ne abin da zan nuna. Ina da yara biyu. Don Allah kada ki taɓa mini shi." Na ce mata na ji. Abin da na ce ke nan, na ji.

Da azahar na fita shan iska, ƙafata ta kai ni sashen injiniya. A farfajiyarsu, bayan wurin ajiye kekuna, akwai benci na katako da ɗan allon tagulla a jikinsa. Na sha wucewa ta gabansa. Na sunkuya na karanta. Abokan karatunsa da malamansa ne suka haɗa kuɗi suka yi shi shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Na koma ofis na duba, na ga sun nemi a gayyaci iyayensa ranar buɗewa, wanda ya riga ni a teburin ya ga ja ya danna a'a. Na sake sauka na ɗauki hoton bencin a wayata, ana yayyafi.

Kwana huɗu ina jujjuya abin. Na gaji da shi, na gaji da kaina. Kullum da safe ina jin Hafsa tana fita zuwa ɗakin gwaji kamar ba abin da ya faru, tana ja wa ƙofarta makulli sau biyu. A ƙarshe na samo wa kaina wata ƙofa, irin ta mutanen da suka daɗe suna aiki da ƙa'ida: littafin ofis ya hana roƙo, bai hana gaisuwa ba. Ban taɓa lambar wayar da ke fayil ba, wannan kam kora ce kai tsaye. A zauren matanmu na waya na tambaya wa ke da lambar matar Likita, Hajiya Zinatu ta Erdington, kafin in ajiye wayar mutum uku sun turo, ɗaya har da tambayar lafiya dai ko. Na kira ta na ce ni 'yar Zariya ce da ke Manchester, ina so in zo in gaishe su. Ta ce, "Ai gidanku ne. Ki zo da yunwarki."

Ran Asabar na sayi dabino da turaren wuta a shagon da ke kan titinmu, na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly. Jirgin ya cika, na yi rabin tafiyar a tsaye kusa da ban ɗaki. A tashar New Street ta Birmingham na canza zuwa ƙaramin jirgin Erdington. Duk hanya ina maimaita wa kaina cewa gaisuwa ce kawai, kuma ban yarda da kaina ba ko sau ɗaya.

Gidan ƙarami ne fiye da yadda fayil ya sa na zata. Hajiya Zinatu ce ta buɗe, 'yar siririyar tsohuwa mai saurin tafiya. Likita yana falo a kujerarsa, jallabiya da suwaita a kai, tabarau mai kauri. Na durƙusa na gaishe shi. Muka yi gaisuwa ta gaske, wadda na daɗe ban yi ba: gajiya, sanyi, iyali, mutanen gida, sanyi kuma. Ya tambayi unguwarmu a Zariya, ya gano ya san wan babana. Hajiya ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe ta tsaya a kaina sai da na ƙara. A bango ga hotunan 'ya'ya uku da hular kammala karatu, kamar dai yadda Tomas ya rubuta.

Bayan an kwashe kwanuka ya ce, "To 'yata, a ina kike aiki a Manchester?"

Na faɗa masa. Na faɗi sunan ofishin ma, ban ce aikin ofis ba.

Ya yi 'yar dariya ba ta jin daɗi ba. "A'a, ashe masu wasiƙa ne. Hajiya, miƙo mini abin nan."

Ta jawo wata durowa ta fito da damin ambulan ɗaure da roba, duk da tambarin jami'armu. Wasu ma ni na sa hannu aka fitar da su. Ya ɗora damin a cinyarsa.

"Na san me kuke so," in ji shi. "Yarinyar nan Goodness tana da ladabi, tana zuwa, tana kawo hotunan gini. Na san ran biyar ga watan gobe babbansu zai zo, na san abin da zai ce, na ma riga na ware abin da zan ba su. Makarantata ce, ba zan hana ba." Ya shafa robar da babban yatsa. "Amma in gaya miki wani abu, tunda ke ta gida ce. Duk ambulan da ya zo da tambarin nan, sai in ajiye shi ya kwana kafin in buɗe. In ce wataƙila wannan ne. In buɗe in ga gini. In ga liyafar cin abinci. Shekara tara. Yaron nan shekara bakwai ya yi a makarantarku, a ɗakin gwajinku ciwon ya kama shi, daga can aka ɗauke shi zuwa asibiti. An aiko wani saurayi ya yi mana gaisuwa sau ɗaya, shi ke nan. Ko layi ɗaya ba wanda ya sake rubutowa a kansa. Na ce to, haka suke, in mutum ya tafi sun shafe shi."

Bai ɗaga murya ba. Hajiya tana bakin ƙofar kicin tana goge farantin da ya riga ya bushe.

Na fito da waya, na buɗe hoton, na miƙa masa da hannu biyu. Ya ɗaga tabarau ya kawo wayar kusa da idonsa. Likitan ido, ga shi sai ya kai abu hancinsa yake gani. Ya daɗe. Na ji agogon bango, na ji motar bas ta wuce a titi.

Ya ce, "Ina ne nan?"

Na ce, "Farfajiyar sashensu ne, Baba. Shekara takwas yana nan. Abokansa ne da malamansa suka yi. Ɗalibai na zama a kai su ci abinci."

Ya miƙa wa Hajiya wayar ba tare da ya dube ta ba. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta kalla sau ɗaya, ta ajiye a kan tebur a hankali kamar ƙwai, ta shige kicin ta ja ƙofa. Muka ji ta buɗe famfo, ruwa na zuba ba a wanke komai.

Likita ya ce, "Me ya sa ba a gaya mana ba?"

Na gaya masa. Na gaya masa abin da saurayin ya ji da abin da ya rubuta, da jan da aka sa a kan sunansa, da farfesar da ke aikowa duk Oktoba. Da na zo kan cewa an ɗauka ba ya son ɗansa ne, sai ya rufe ido, ya ce, "Subhanallah," a hankali, sau biyu.

"Wa ke hana ta zuwa, ita farfesar?"

Da na so, da na ce ofis. Da na ce kwamfuta, ko tsari, duk ba ƙarya ba ne. Na ce, "Ni ce, Baba. Shekara shida ni ce. Ban karanta ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ta nawa ce a gidanku?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta fari."

Ya gyaɗa kai kawai, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Hawaye ya zubo mini a kan kafet ɗin mutane, ni da na zo gaisuwa.

Can ya ce, "Ya isa. Me take so ta ce mini, farfesar?"

Na ce, "Baba, ba ni da izinin roƙonka. Ni ce ma mai hanawa."

Ya ce, "Wa ya ce ki roƙe ni? Tambayarki na yi. Babba ya tambaye ki, sai ki ce ba ki da izini?"

To, sai na faɗa. Na faɗi maganar asusun, na faɗi maganar Hafsa, da ruwan da take tacewa, da talatin ga wata. Ban ƙara gishiri ba, ban kuma rage ba. Na gaya masa har da abin da ban so faɗa ba, cewa in ya juya ga wannan, akwai wadda ta yi wata goma sha takwas tana wahala a kansa, kuma aikinta na rataye da ginin. Ya saurara, yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Yaron nan ma sai da kuɗinsa ya tsaya a shekara ta biyu, don ya ƙi in biya masa, wai shi ya girma. Wanke-wanke ya yi a wani gidan abinci wata takwas, bai gaya mana ba. Daga bakin abokinsa muka ji, bayan komai ya wuce." Ya zare ambulan ɗaya daga cikin damin, ya fito da wasiƙar, mai hoton ginin da za a yi, ya juya bayanta fari ya miƙo mini da biro. "Idona ba ya rubutu yanzu. Rubuta, in sa hannu."

Ya yi ta faɗa ina rubutawa da Turanci, a kan gwiwata. Abin da ya ware wa gini a mayar da shi asusun ɗaliban sashen injiniya da kuɗin karatunsu ya yanke. A fara da wannan yarinya, a cikin makon nan, kafin a gama sauran takardu. Ya ce in ƙara layi ɗaya, cewa Goodness ce ta riƙe zumuncinsa da jami'a duk wannan lokacin, yana so a rubuta kyautar a aikinta. Na rubuta, duk da na san shugaban sashen likitanci ba zai ga haka ba. Kuma bai gani ba. An tsawaita wa Goodness wata shida kawai, ba ta sake kawo mini yaji ba, gaisuwarmu ta koma ta ɗaga gira. Ni kuma takardar gargaɗi na samu, Tomas ya miƙo mini ita yana kallon taga, aka ɗauke ni daga teburin izini aka mayar da ni gyaran adireshi. Hafsa tana nan, bana za ta gama. Har yau ba ta san wa ke zaune a wancan teburin ba, ni kuma ban sami ƙarfin gaya mata ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da na kai ƙarshen takardar, sai na ga saura abu ɗaya.

Na ce, "Baba, sai an sa wa asusun suna."

Ruwan kicin ya tsaya. Likita ya kalli bango, ya kalli damin wasiƙu, ya gyara zaman suwaitarsa. Na jira, ban taimake shi ba, don ban san ta inda zan taimaka ba.

Ya nuna wayata da haɓa. "Ki sa abin da ke jikin bencin."

Na buɗe hoton na faɗaɗa allon tagullar, na kwafe harafi bayan harafi da manyan baƙaƙe, yadda yake a can: MUHAMMAD AWAL BARA'U. Na miƙa masa takardar da biro. Ya kai ta hancinsa yana bin layukan da yatsa, a hankali, har ya iso ƙasa. Yatsan ya tsaya. Bai sa hannu ba.

Ya ce, "Akwai gyara."

Na matso. Ya ɗora farcensa a tsakiyar suna na biyu, ya danna har takardar ta lotsa.

"Nan. Wannan harafin biyu ne, ba ɗaya ba. Ni na rubuta wa ma'aikaciyar asibiti da hannuna ranar da aka haife shi." Ya miƙo mini biron. "Ki ƙara. Kuma ki ce musu su gyara na bencin kafin mu zo."